Karatun aikin jarida da haɗa mujalla a jami'a: tambayoyin ɗaliban karkara da iyayensu

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya kawo jiki, yaran ajin ƙarshe na sakandare a garuruwanmu na Jigawa da ƙauyukan Kano sukan zo da tambayoyi kusan iri ɗaya a kan karatun aikin jarida. Wasu da bakinsu suke tambaya. Wasu kuma iyayensu ne ke tare mutum bayan sallar la'asar, su ce yaro ya kafe sai wannan karatu, su kuwa ba su san inda ya dosa ba. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da abin da nake amsawa.

Malam, yanzu wa ke sayen jarida? Ba ɓata shekara huɗu zan yi ba a kan abin da ya kusa mutuwa?

Tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan rufe ka ba. Cinikin jarida ta takarda ya ja baya ƙwarai. Takardar da ake buga jarida da ita daga waje ake shigo da ita tun da masana'antar Oku Iboku ta jihar Akwa Ibom ta daina aiki, don haka duk sanda dala ta tashi, kuɗin bugu ma ya tashi. Masu ba da talla kuma sun bi jama'a zuwa waya. Mu nan karkara dama can jarida ba ta taɓa wadatar mu ba. Rediyo muka sani, jarida kuwa sai wadda malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ya taho da ita daga Kano ko Dutse, ta kwana biyu tana zagaya majalisa.

To amma dubi abin da ake koyarwa a fannin: yadda za ka nemo labari, ka tabbatar da shi, ka rubuta shi yadda mai karatu zai gane a karatu ɗaya, ka tace na wani, ka sa masa kanu, ka zaɓi hoto, ka tsara shafi. Duk labarin da kake karantawa a shafin Aminiya ko na BBC Hausa a wayarka, sai da wani ya yi waɗannan ayyuka kafin ya iso gare ka. Mai karanta labarai a rediyo ma rubutu ne a gabansa. A ganina, wanda hannunsa ya faɗa a rubutu ya fi saurin koyon magana a gaban makirufo, a kan mai zaƙin murya ya dawo yana koyon rubutu.

Wane kwas zan zaɓa a fom? Na duba ban ga an rubuta "aikin jarida" ba.

A da suna ɗaya ne, Mass Communication, wanda ɗalibai ke kira Mass Comm. A cikinsa ake haɗa jarida da rediyo da talabijin da talla da hulɗa da jama'a, sai an yi nisa ɗalibi ya karkata inda ya fi so. A farkon 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sanar da raba shi gida bakwai: aikin jarida, rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, da nazarin bayanai da kafofin labarai. Wanda ya shafe ka shi ne mai suna Journalism and Media Studies. Jami'o'i ba rana ɗaya suka sauya ba, shi ya sa har yanzu za ka ga tsohon sunan a wurare da dama. Duk wanda ka tarar a jami'ar da kake so cikin waɗannan biyun, shi za ka cike.

Me ake buƙata kafin a ɗauke ni?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, kuma yawancin jami'o'i suna neman Lissafi. Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne Adabin Turanci, wato Literature. Wurare da yawa suna neman sa ga mai son wannan kwas, alhali makarantun karkara da dama ba su da malaminsa, sai yaro ya gama sakandare sannan ya ji labari. Idan kana aji huɗu ko biyar na sakandare yanzu, ka je wurin shugaban makarantarku tun da wuri ka ce kana son a yi maka rajistar wannan darasi, ko da da kanka za ka karanta littattafan.

Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, maki 400, a kwamfuta ake yi. Turanci wajibi ne, sauran ukun daga darussan adabi da zamantakewa ake ɗauka, irin su Adabin Turanci, Gwamnati, Tarihi, Tattalin Arziki, Hausa ko Addinin Musulunci. Kowace jami'a da nata sharaɗi, kuma suna cikin kundin JAMB na shekarar. Ka sa mai shagon kwamfuta ya buɗe maka ka karanta da idonka, kada ka bar shi ya zaɓa maka. Kwas ne da ake rububinsa, saboda haka makin da zai shigar da wani wani sashen ba lalle ya shigar da kai nan ba.

Wani abu ƙarami mai jawo babbar wahala: sunanka. Yadda aka rubuta shi a lambar NIN, haka ya kamata ya kasance a WAEC da JAMB, harafi da harafi, da jerin sunayen da ranar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa ka yi ta zarya tsakanin garinku da ofis.

A ina ake karantawa kusa da mu? Jami'a ta fi ko poli?

Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangaya guda ta sadarwa a sabon matsuguninta na hanyar Gwarzo, kuma sashenta na aikin jarida yana cikin tsofaffi a Arewa. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Samarun Zariya, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Jihar Kaduna. A ɓangaren difloma, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ta Kaduna suna koyar da shi. Digiri shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Mai difloma ko NCE ko IJMB (karatun share fagen shiga jami'a) yana iya neman shiga kai tsaye aji biyu, ya yi shekara uku.

Poli ba koma-baya ba ce. Difloma shekara biyu ce, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai babbar difloma wata shekara biyu. Wanda makinsa bai kai shi jami'a ba bana, gara ya shiga poli da ya zauna gida yana jiran baɗi.

To a shekara huɗun nan, takamaimai me ake koyarwa?

Shekarar farko share fage ce: Turanci, tarihin kafofin labarai, kwamfuta, da darussan bai ɗaya da kowane ɗalibi ke yi. A nan za ka ji cewa jaridar farko a Najeriya ita ce Iwe Irohin da aka fara bugawa da Yarbanci a Abeokuta a 1859, kuma Jami'ar Najeriya ta Nsukka ce ta fara koyar da aikin jarida a matakin digiri a 1961. Daga nan sai rubuta labari, rubuta dogon rahoto, tace labari, ɗaukar hoto, tsara shafi, dokokin aikin da ɗa'arsa, da dabarun bincike. Akwai watannin sanin makamar aiki da ake kira SIWES, inda za a tura ka gidan jarida ko rediyo. A ƙarshe ka rubuta kundin kammalawa.

Darasin da ya fi karya ɗalibai shi ne rubuta labari, don ya saɓa wa yadda muka tashi muna ba da labari. Mu mukan faro daga tushe, mu bi a hankali, sai can ƙarshe mu faɗi abin da ya faru. A ce ruwa ya ɓalle a wani ƙauye na bakin kogin Haɗeja. Sabon ɗalibi zai fara da cewa a jiya ne mai girma shugaban ƙaramar hukuma ya kai ziyarar jaje, ya jero rawunan da suka raka shi, sai a sakin layi na biyar ka ji gidaje nawa suka rushe. Malami zai ja masa jan biro tun daga sama. Jimlar farko ita za ta ɗauki abin da ya fi nauyi: me ya faru, ga wa, a ina, yaushe. Yadda ya faru da dalilinsa su biyo baya, ziyarar shugaba ta koma ƙasa. Asalin wannan tsari daga shafin jarida ne, domin idan wuri ya yi kaɗan edita daga ƙasa yake yanke labari, kuma mai karatu ma ba kullum yake kai ƙarshe ba.

Sannan adadin gidajen, wa ya faɗa maka? Mai unguwa zai ba ka lamba, jami'in hukumar agaji ya ba ka wata, wanda gidansa ya faɗi ya ba ka ta uku. Ba a yarda ka zaɓi wadda ta fi girgiza mutane ba. Kowace lamba ka jingina ta ga wanda ya faɗe ta, abin da ka ƙirga da idonka kuma ka ce kai ka ƙirga.

Ita haɗa mujallar fa, yaya ake yi? Ɗalibai ne ke bugawa da kansu?

Ƙwarai kuwa. A yawancin sassan akwai darasin da aji ke fitar da jarida ko mujalla ta gwaji, kuma a nan ake gane wanda ya koyi aiki. Ana raba muƙamai kamar gidan jarida na gaske: edita, mataimakinsa, masu rahoto, masu tacewa, mai hoto, mai tsara shafi, masu neman talla. Zaman farko na tambaya ɗaya ne: don wa za a yi mujallar nan? Mujallar manoman rani da ta ɗaliban jami'a ba za su zo da bango iri ɗaya ba, ba kuma harshe iri ɗaya ba.

Daga nan sai a zana taswirar shafuka a allo, akwati-akwati, a rubuta abin da zai shiga kowanne. A nan ɗalibi ke fara jin wata doka da babu makawa a kanta: mujallar da ake ninkewa a ɗinke tsakiya da waya, adadin shafukanta dole ya rabu da huɗu. Dalili kuwa, kowace takarda ɗaya idan an ninke ta shafi huɗu take bayarwa. Mujalla mai shafi 32 ta girman A4 takarda takwas ce ta girman A3. Idan rubutunku ya kai shafi 33, ko ku rage ɗaya ko ku nemo abin cike uku. Kuma a wurin bugu shafi na 1 kusa da na 32 yake zama, na 2 kusa da na 31, haka har tsakiya. Ka zare wayar tsohuwar mujalla ka baje takardun a tabarma, za ka gani da idonka.

Tsara shafi da manhaja ake yi. A aji za ka fi jin Adobe InDesign, a shagunan ɗab'i na Kano kuma CorelDraw ya fi yawa, don haka mai wayo yakan koyi duka biyun. Abu uku ne suka fi ɓata aikin sababbin hannu. Na farko hoto. Bugu yana son hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, shi kuwa WhatsApp matse hoto yake yi idan an tura shi yadda aka saba. A waya za ka gan shi tas, a takarda fuskar mutum ta fito dishi-dishi. Maganinsa a tura hoton a matsayin fayil, ko a kwafe shi zuwa kwamfuta ta igiyar waya. Na biyu launi. Allon kwamfuta da hasken ja da kore da shuɗi yake haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Kowace tawada da farantinta na alminiyam, takarda ta bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai mayar da aikinsa tsarin tawada huɗu ba, koren gonar shinkafar da ya gani shar a allo zai fito masa a dushe. Wannan ne kuma ya sa shafi mai launi ya fi baƙi da fari tsada, shi ya sa ƙananan mujallu kan sa launi a bango da tsakiya kawai.

Na uku namu ne mu masu rubutun Hausa: haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon harafi na kwamfuta ke ɗauke da su ba. Shekarun baya sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da salon Rabi'at da na Abdalla don magance wannan. Yanzu wayoyi da kwamfutoci suna da su, amma har gobe idan ka kai aikinka kwamfutar maɗaba'a wadda ba ta da salon da ka yi amfani da shi, sai ka ga ƙananan akwatuna a gurbin haruffan. Ka mayar da aikin PDF, ka buga gwaji a takarda, ku karanta shi ku biyu ko uku da biro a hannu kafin a yi faranti. Bayan an yi faranti, duk kuskuren da aka gano kuɗi ne sabo.

Sai bugu, ninki, ɗinki, a datse gefe. Ranar da aka kwance ɗaurin farko, ɗalibi ya ga sunansa a saman labarinsa, tawada ba ta gama bushewa ba, ranar ce da yawa suke yanke shawarar wannan aiki za su yi.

Turancina ba shi da ƙarfi. Ni da Hausa nake son yin aiki, zai yiwu?

Aikin zai yiwu da Hausa, karatun kuwa da Turanci ake yi, kuma babu hanyar kewayewa. Jarrabawa da Turanci, kundin kammalawa da Turanci. Ko bayan ka fara aiki, kasafin kuɗi da takardun kotu da sanarwar ma'aikatu da Turanci za su zo maka, kai za ka mayar wa jama'a da Hausa. Wanda bai fahimci takardar ba, me zai fassara?

Amma kada wani ya sa ka raina Hausarka. Aikin jarida da Hausa tsoho ne: a Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Kamfanin Triumph da aka kafa a Kano a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ya fitar da Albishir da boko da Alfijir da ajami. Kamfanin da ke buga Daily Trust yana da Aminiya, Leadership tana da ta Hausa, mujallar Fim kuma tun 1999 take bin harkar finafinan Hausa. Ga sassan Hausa na BBC da DW da RFI, duk suna da shafukan rubutu.

Abin da nake jan kunnenka a kai shi ne, jin Hausa daban, iya rubuta ta daban. Ka dubi abin da ake rubutawa a Facebook: "yace" a haɗe, "ni ne" a haɗe, ɗa da da ba bambanci. Editan Hausa yana neman wanda ya san ƙa'idojin rubutu, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, wanda kuma zai fassara ba tare da Turanci ya leƙo ta ƙarƙashin jimlarsa ba. Irin waɗannan ba su da yawa. Idan jami'a ta ba ka damar ɗaukar darasi daga wani sashe, ka ɗauki na rubutu da fassara a sashen harsunan Najeriya.

Ni mahaifinsa ne. Wannan aiki ba bin diddigin mutane da yaɗa gulma ba ne? Ina tsoron alhaki.

Baba, tsoronka a wurinsa yake, kuma da kowane ɗan jarida yana da irinsa da an huta. Suratul Hujurati da ta hana bin diddigi da cin naman mutane, ita ce kuma ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu cikin rashin sani. Abin da ake koya wa ɗanka ke nan: kada ya rubuta abin da bai tabbatar ba, kada ya zargi mutum bai ji ta bakinsa ba, kuma ya bambance sirrin gida da haƙƙin jama'a. Abin da ya faru tsakanin mutum da iyalinsa ba ruwan jarida. Amma asibitin da aka ware wa kuɗi ba a gina ba, ko takin da aka ce an raba wa manoma bai iso ba, wannan haƙƙinku ne, kuma wanda ya tambaya a madadinku bai yi gulma ba. Ƙa'idojin aikin da 'yan jaridar Najeriya suka amince da su a Ilorin a 1998 sun kai ga hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba idan shari'ar fyaɗe ko wani laifi ta shafe shi. Akwai masu ɓata aikin, ban musa ba. Tarbiyyar da ka ba shi a gida ita za ta fi malamansa tasiri a nan.

'Yata ce ke so. Aikin ya dace da 'ya mace?

Ya dace, Hajiya. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta yi editan Sunday Triumph a Kano, ta zama editan New Nigerian a Kaduna a 1987, ta kuma yi aiki a mujallar Citizen, tana cikin jagororin ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN har Allah ya karɓi ranta a Mina a 2015. Kuma akwai labaran da namiji ba zai taɓa samowa ba. Ba zai shiga cikin gida ya zauna da mai jego ya ji yadda aka yi da ita a hanyar asibiti ba, ba zai ji abin da matan da ke surfe da turara shinkafa ke samu a buhu ba. Rabin garin nan a bayan zaure yake. Tacewa da tsara shafi da fassara kuma ayyuka ne da ake iya yi daga ɗaki, ko bayan aure.

Kuɗi fa? Dole sai na sayi kwamfuta?

Kuɗin rajista yana sauyawa, ka duba na shekarar a shafin jami'ar. Akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, bashi ne marar ruwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, kuma Kano da Jigawa kowace tana da hukumar tallafin karatu. Abin da iyaye ba su cika sawa a lissafi ba shi ne ƙananan kashe-kashe: data, buga aikin gida, kuɗin mota zuwa neman labari, karo-karon buga mujallar aji, da zaman birni lokacin sanin makamar aiki.

Shekarar farko waya mai kyamara da naɗar murya ta isa. Daga aji biyu zuwa uku kwamfutar hannu tana zama buƙata, ko da ta hannu ce, don tsara shafi ba ya shiga hannu da kallon na wani. Idan za a saya bayan kaka, a tafi da wanda ya san kanta, a duba batir, saboda kun san halin wutarmu.

Ni ɗan ƙauye ne. Zan iya gogayya da 'yan birni da suka tashi da kwamfuta?

Watannin farko za su fi ka saurin yatsa da sakin baki da Turanci. Wannan gibi ne da ake cikewa a zango biyu idan an dage. Abin da kake da shi kuwa su ba za su same shi a aji ba.

Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, Kano 44, amma wakilan jaridu kusan duk a Dutse da birnin Kano suke zaune, kusa da gidan gwamnati. Su waye ke rubuta abin da ke faruwa a sauran wuraren? Kai ka san ciyawar kachala da ke toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja, ka san abin da tsuntsaye jan-baki ke yi wa gonar shinkafa a yini ɗaya. Ka san ranar Alhamis ake cin kasuwar Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Gujungu, ka san kuma farashin da dillali ya faɗa wa baƙo ba shi ne aka sallama ba. Riɗi da zoɓon da ake lodawa a Dawanau zuwa ƙasashen waje daga gonakinku suke fitowa. Nawa aka saya a hannun manomi, nawa ya koma a Dawanau, wa ya ci tsakani? Wannan rahoto ne da editan kasuwanci zai karɓa hannu biyu. Manoman tumatir na Kadawa da Kura da ke zubar da kaya idan kasuwa ta cika, su ma haka.

Lokacin da tankar mai ta yi bindiga a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Oktoban 2024, ta hallaka fiye da mutum 150, duniya duka ta ji. Irin wannan labari manyan kafofi kan zo su ɗauka su koma. Marayun da aka bari, masu ƙunan da ke jinya, gudummawar da aka yi alkawari da inda ta kwana, waɗannan sai wanda ke kusa, wanda mutane za su buɗe wa ƙofa don sun san gidansu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaronmu ya je jami'a ya koyi aikin, sannan ya ɗauka labari sai a Abuja.

Sai dai kusancin yana da nasa nauyi. Kansilan da za ka rubuta a kansa wataƙila surukin kawunka ne, za ku haɗu a ɗaurin aure. Ka koyi zuwa ka gaishe shi da ladabi, ka ce ranka ya daɗe ga abin da aka ce, mene ne naka bayanin, ka rubuta amsarsa yadda ya faɗa.

Ba a kama mutane a aikin nan?

Ana kamawa. An kashe Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bam a cikin wasiƙa a Oktoban 1986, kuma a 'yan shekarun nan an sha tsare 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. Ɓata suna ma laifi ne a dokokin jihohinmu. A ɗaya ɓangaren, sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, sashe na 22 ya ɗora wa 'yan jarida bin kadin gwamnati, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Garkuwarka ita ce shaida. Ka adana muryar da ka naɗa, ka ɗauki hoton takarda, ka rubuta rana da lokacin da ka kira wanda ake zargi. Darasin doka kada ka yi masa karatun cin jarrabawa kawai.

Idan na gama, akwai aiki? Ana samun abin rufin asiri?

Ba aikin tara dukiya ba ne, kuma albashi a gidajen jarida da dama kaɗan ne, wasu ma sukan yi watanni ba su biya ba. Daga nan ne al'adar ambulan ta samu gindin zama: a gama taro a miƙa wa 'yan jarida "kuɗin mota". Za a miƙo maka tun kana ɗalibi. Wanda ya saba karɓa, ranar da mai ba shi ya yi ba daidai ba bakinsa ba zai buɗu ba, kuma mutanen gari suna gane alƙalamin da aka saya.

Abin da ke fitar da mutum shi ne ya riƙe sana'a fiye da ɗaya a cikin fannin. Mai iya rahoto da fassara da tsara shafi ba ya rasa abin yi: jaridun intanet, sassan Hausa na kafofin waje, ofisoshin yaɗa labarai na ma'aikatu da ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin lafiya da noma masu buƙatar a rubuta musu bayani da Hausa, marubuta masu neman a tsara musu littafi, har kalandar biki da ta saukar Alƙur'ani. Ka fara aika rubutu ana bugawa tun kana aji biyu. Edita yakan fi duba abin da ka taɓa rubutawa a kan darajar digirinka.

Zan iya dawowa in kafa mujalla a garinmu?

Za ka iya, in ka fara da ƙarami. Ana yi wa suna rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ana neman lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, a Ɗakin Karatu na Ƙasa. Wannan ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne fitowa ta biyu da ta uku, domin kuɗin sayarwa shi kaɗai ba ya mayar da kuɗin bugu, talla ce ke riƙe mujalla. Masu tallanka a nan su ne mai sayar da taki da maganin feshi, mai injin casa, makarantar kuɗi, mai kemis, ƙungiyar manoma. Kafin ka je maɗaba'a ka zagaya su da samfurin shafuka a hannu, ka ji nawa za su iya biya. Idan ɗan siyasa ɗaya ne ya ɗauki nauyin bugun duka, mujallar tasa ce, kuma ranar da ya sauka ita ma ta sauka.

Ni shawarata, ka fara da shafi takwas ko goma sha biyu, baƙi da fari, wata uku-uku, kana sa labaran a Facebook da WhatsApp tsakanin fitowa da fitowa. Ka kai kwafi makarantu da asibiti da fadar hakimi, sauran ka ba mai shago a bakin tasha ranar kasuwa, ku yi yarjejeniyar kason da zai ɗauka a kowane kwafi, ka dawo mako na gaba ka ƙirga abin da ya rage.